Ƙaramin Ɓarin Ribosom: Ginin da Hani Ya Fi Yawa a Cikinsa

Duk wani furotin da ke jikin mai rai, tun daga wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini har zuwa wanda ke narkar da abinci a hanji, ribosom ne ya ƙera shi. Shi ribosom ɓari biyu ne, babba da ƙarami, kowanne da aikinsa. Babban shi ke ƙulla amino asid, wato tubalan ginin furotin, ɗaya bayan ɗaya har a sami sarƙar furotin. Ƙaramin kuwa shi ne makaranci. Shi ke riƙe saƙon da aka kwafo daga DNA, wato mRNA, ya lalubo inda karatu zai fara, sannan a kan kowane haruffa uku na saƙon ya duba ko tRNA, wato ɗan dakon da ya kawo amino asid, shi ne ya dace da wurin. Kuskuren da yake yi a wannan aiki yana tsakanin 1 cikin 1,000 da 1 cikin 10,000.

A jikin mutum da dabbobi da tsirrai da yis ana kiran wannan ɓari 40S, a bakteriya kuma 30S. Harafin S na tunawa ne da Theodor Svedberg, masanin ƙasar Suwidin, kuma ma'auni ne na saurin kwantawar abu idan aka juya shi da ƙarfi a na'ura. Shi ya sa ba a tara lambobin kai tsaye: 40S da 60S, wato babban ɓarin, idan sun haɗu 80S suke bayarwa. Kayan da ke cikin 40S ba su da yawa. Zare ɗaya ne na RNA, ɗan'uwan DNA wanda shi ma jerin haruffan sinadari ne, mai suna 18S, mai haruffa kimanin 1,800 a yis da kimanin 1,870 a mutum, sai furotin iri 33 da ke manne da shi. Na bakteriya ya fi haka ƙanƙanta: zaren 16S mai haruffa kimanin 1,540 da furotin 21.

Wanda ya ji wannan lissafi zai ɗauka haɗa kaya talatin da ɗoriya ba abin tayar da hankali ba ne. Amma ƙwayar yis tana amfani da furotin mataimaka fiye da 200, da ƙananan RNA fiye da 70, wajen gina ɓarin biyu, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya zama a cikin ribosom ɗin da aka gama. Ƙwayar da ke girma da sauri tana fitar da ribosom kusan 2,000 a minti ɗaya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na duk RNA ɗin da take kwafowa na wannan aikin ne. Me ake yi da wannan taron ma'aikata?

Tambayar ta ƙara nauyi idan aka tuna da gwajin Masayasu Nomura da Peter Traub a Jami'ar Wisconsin a 1968. Sun wargaza 30S na bakteriyar E. coli, RNA gefe guda, furotin gefe guda, suka sake zuba su tare a cikin kwalbar gwaji, sai ga ɓarin ya haɗa kansa yana aiki. Babu mataimaki, babu wani makamashi daga waje. Ashe duk bayanin da ake bukata don a sami siffar ƙarshe yana cikin kayan su kansu. Daga baya Nomura da abokan aikinsa sun zana taswirar yadda abin ke tafiya: wasu furotin kamar S4, S7, S8, S15, S17 da S20 suna kama RNA kai tsaye, wasu kuma ba sa iya zama sai na farko sun gyara musu wuri.

Sai dai akwai sharaɗi a gwajin da bai kamata a tsallake ba. Sai da aka zuba gishiri mai yawa, aka ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 40, kafin ginin ya kai ƙarshe. Idan da sanyi, sai ya maƙale a rabin hanya. Dalilin yana cikin ɗabi'ar RNA. Haruffansa huɗu ne kacal, kuma kowane guntu yana iya samun abokin mannewa a wurare da dama a jikin zaren. Idan ya manne da wanda ba nasa ba, ƙullin da aka samu yana iya yin ƙarfi kamar na gaskiya, ya daɗe bai kwance ba. Zafi ne ke girgiza irin waɗannan ƙulle-ƙulle a kwalba. Ƙwaya mai rai ba ta da damar dafa kanta, kuma ba ta da lokacin jira. Ko bakteriya ma tana da ƴan mataimakanta, irin su RimM, RbfA, RsgA da Era, masu hanzarta ginin da kula da wurin karatu har ya kammala.

Akwai matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko girma. Ɓarin da bai gama nuna ba yana iya kama mRNA, yana iya riƙe tRNA, yana iya jawo babban ɓari. Zai shiga aiki da rabin ƙwarewa, ya fara karatu a inda bai dace ba, ko ya tsaya cak a tsakiyar saƙo ya tare wa na bayansa hanya. Ga ƙwaya, rashin ribosom ɗaya ƙaramar asara ce. Gurgun ribosom da ya kutsa cikin masu aiki kuwa ɓarnarsa tana yawaita, domin zai yi ta maimaita kuskurensa a kan saƙo bayan saƙo. Idan aka riƙe waɗannan matsaloli biyu a zuciya, yawancin abin da mataimakan nan ke yi zai fito fili: suna hana RNA naɗewa kafin lokaci, suna hana ɓarin aiki kafin lokaci.

Ginin yana farawa ne a nukiliyolas, wani dunƙule mai duhu a cikin cibiyar ƙwaya. A nan ne sassan DNA masu ɗauke da umarnin RNA na ribosom suke taruwa. Yis yana da kwafi kimanin 150 jere a kan kuromosom na 12. Mutum yana da ɗaruruwa, a warwatse a kan kuromosom na 13, 14, 15, 21 da 22. Enzayim guda (enzayim furotin ne mai gudanar da aikin sinadari), RNA folimares I, shi ke kwafe su, kuma ba ya fitar da 18S shi kaɗai. Dogon zare ɗaya yake fitarwa, 35S a yis, 47S a mutum, wanda ya ƙunshi 18S na ƙaramin ɓari, da 5.8S da 25S ko 28S na babba, da guntaye a gaba da tsakani da baya waɗanda za a yanke a zubar. Wannan tsari yana tabbatar da cewa ana fara ɓarin biyu da adadi ɗaya.

A 1969 Oscar Miller da Barbara Beatty sun baje irin wannan DNA daga ƙwan wata halittar ruwa dangin kwaɗo, suka ɗauki hotonsa da madubin lantarki, na'urar da ke nuna abubuwan da suka fi ƙarfin ido don ƙanƙanta. An ga DNA a tsakiya, zaruruwan RNA suna fitowa ta gefe, gajeru a farko, dogaye a ƙarshe, kuma a bakin kowane dogon zare akwai ɗan dunƙule. Fiye da shekara 30 ana kallon dunƙulen nan a hotuna. Sai a 2002 ɗakin binciken Susan Baserga a Jami'ar Yale ya tsamo wani ƙaton tarin furotin da RNA daga yis, ya sa masa suna furosesom na ƙaramin ɓari, ya kuma danganta shi da wancan dunƙule. A shekarar ce ɗakin binciken Ed Hurt a Heidelberg ta Jamus ya bayyana abu ɗaya da sunan 90S. Siffarsa dalla-dalla ba ta samu ba sai a 2016 da 2017, da aka ƙware wajen ɗaukar hoton daskararren samfuri da madubin lantarki, daga ɗakunan binciken Hurt da Roland Beckmann, da Sebastian Klinge a New York, da Keqiong Ye a Beijing. Na mutum ya biyo baya a 2021.

Abin da hotunan suka nuna ya cancanci a tsaya a kansa. Furosesom ya ninka ɓarin da zai haifa girma fiye da sau uku. Kuma harsashinsa yana kan guntun RNA ɗin da za a zubar ne. Sashen farko da ke fitowa daga bakin enzayim, wanda ake kira 5′ ETS, haruffa kimanin 700 ne a yis, kimanin 3,600 a mutum, kuma babu ko harafi ɗaya nasa a cikin ribosom ɗin da aka gama. Tun yana fitowa tarin furotin da ake kira UtpA zai hau kansa, sai UtpB, sai wani ƙaramin RNA mai suna U3 da furotin nasa, sai Mpp10 da abokan tafiyarsa. Kafin harafin farko na 18S ya leƙo, an riga an kafa masa mazauni. Kamar itatuwan da magina ke tokare rufin siminti da su ne kafin ya bushe: ba sa cikin gidan da za a zauna, amma in an zare su da wuri rufin ya rufta.

Zaren 18S yana da yankuna huɗu, waɗanda a ƙarshe za su zama jikin ɓarin, da dandamalinsa, da kansa, da wata doguwar igiya da ake kira h44 wadda ke gangarowa ta fuskar da ke haɗuwa da babban ɓari. A cikin furosesom, ana riƙe kowane yanki nesa da ɗan'uwansa. Kowanne yana naɗewa a nasa lungu, furotin nasa suna shiga, ba tare da ya taɓa maƙwabci ba. Ta haka aka mayar da babbar matsala guda ta zama ƙanana huɗu, aka kuma bar fili ga enzayim masu gyaran haruffa su kai hannu inda ba za su iya kai ba bayan ɓarin ya rufe.

Aikin U3 shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk wannan mataki. A tsakiyar ƙaramin ɓari akwai wani ƙulli da ke ɗaure yankunan wuri ɗaya, kuma a kusa da shi ne kai ke juyawa a kan jiki yayin karatu. Ana samun ƙullin ne idan haruffan farko-farko na 18S suka manne da wasu haruffa da ke can gaba, bayan fiye da 1,100. To, na farkon suna fitowa tun abokan zamansu ba a ko kwafo su ba. Idan aka bar su a sake za su kama duk wanda suka samu. Sai U3 ya manne da su, ya kuma manne da 5′ ETS, ya zama abokin wucin gadi. Ko bayan abokan gaskiya sun iso, ba ya saki. Yana tsaye a tsakani har sai sauran sassa sun kimtsa. Ba ya kuma sauka don kansa: sai enzayim mai warware RNA, Dhr1 a yis, DHX37 a mutum, ya ƙone ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya makamashi, ya fizge shi, bayan wani furotin mai suna Utp14 ya kunna shi a lokacin da ya dace.

A cikin wannan yanayi ne ake yi wa haruffa gyaran sinadari. A RNA na ribosom ɗin mutum, idan aka haɗa ɓarin biyu, akwai wurare sama da 100 da ake liƙa wa metil, wani ɗan guntun sinadari, a jikin sukarin da kowane harafi ke zaune a kai, da kusan 100 da ake juya harafin U ya zama wani ɗan'uwansa mai ƙarin ƙarfin riƙo. Ƙananan RNA ne ke nuna wurin ta hanyar mannewa a gefensa, enzayim ya bi sawu. Gyare-gyaren sun fi taruwa a wuraren aiki, kamar wurin karatu da wuraren zaman tRNA. Rasa guda ɗaya yawanci ba ya nuna illa a fili, amma rasa da yawa a wuri ɗaya yana rage sauri da daidaito. Akwai harafi ɗaya a kan ɓarin, na 1191 a yis, na 1248 a mutum, da ake taɓawa har sau uku: a juya shi da taimakon ƙaramin RNA, Emg1 ya liƙa masa metil, sannan can bayan an fita daga cibiya Tsr3 ya ƙara masa wani reshe.

Wani abu da aka gano game da enzayim masu liƙa metil yana ƙarfafa batun hani. Dim1 yana sa metil bibbiyu a kan haruffan A guda biyu da ke kusa da ƙarshen 18S. Idan aka cire Dim1 gaba ɗaya, yis ya mutu. Idan kuwa aka bar furotin ɗin a wurinsa aka kashe masa ikon liƙa metil kawai, yis yana rayuwa. Wato zamansa a kan ginin ya fi metil ɗin da yake sawa muhimmanci. An ga irin haka a wasu ƴan'uwansa. Ƙwaya ta ɗaure ci gaban ginin da halartar enzayim, don kada wani ɓari ya wuce ba tare da ya bi ta hannunsa ba.

Su furotin 33 ɗin ma ba a barinsu su yi tafiya su kaɗai. Ana ƙera su a wajen cibiya, tsofaffin ribosom ne ke ƙera su, sannan yawancinsu a shigar da su ciki. Da yake an halicce su don su manne wa RNA, suna iya manne wa kowane RNA ko su cure da juna a hanya. Saboda haka wasunsu suna da ɗan rakiya na musamman. Yar1 yana kama Rps3 tun yana fitowa daga ribosom ɗin da ke ƙera shi, Tsr4 yana rakiyar Rps2, Tsr2 kuma Rps26.

Idan lokaci ya yi, furosesom yana rushewa ta hanyar da ba ta komawa baya. Ana yanka zaren a wurare uku a yis, A0, A1 da A2. Yankan A1, wanda Utp24 ke yi, shi ke fitar da ainihin farkon 18S. Yankan A2 shi ke raba hanyar ƙaramin ɓari da ta babba, kuma a yis mai saurin girma yawanci ana yinsa tun enzayim bai gama kwafe sauran zaren ba. Wani tarin enzayim mai cinye RNA daga wutsiya, eksozom, yana cinye 5′ ETS, mataimakan da ke zaune a kansa su rasa madafa su watse, su koma su kama sabon zare. U3 ya fita, ƙullin tsakiya ya ɗauru, yankuna huɗu su matso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ko dai yanka ne ko ƙona makamashi, shi ya sa ginin ke tafiya gaba kawai. Abin da ya rage shi ne ɗanyen 40S, mai ɗauke da zaren 20S, wato 18S da ragowar jela ta haruffa kimanin 200. Furotin mai fitar da kaya, Crm1, yana taimakawa a ratsa da shi ta ƙofofin cibiya zuwa fili.

A nan haɗarin ya fi yawa. A cikin cibiya babu masu fara karatu, babu babban ɓarin da ya nuna. A waje kuwa suna ko'ina: mRNA, tRNA, furotin masu ƙaddamar da karatu, da 60S masu jiran abokin aiki. Ɗanyen ɓarin kuma ya riga ya yi kama da gamamme. A 2011 ɗakin binciken Katrin Karbstein a cibiyar Scripps ta Florida, tare da abokan aiki, ya nuna inda mataimaka bakwai da ke rakiyar ɗanyen 40S na yis suke zaune, kuma wuraren ba na kwatsam ba ne. Ltv1 da Enp1 suna kusa da ƙofar da mRNA ke shiga, suna hana ta daidaita. Tsr1, Rio2 da Dim1 suna kan fuskar da ke haɗuwa da 60S, sun rufe wurin karatu da wurin zaman tRNA na farko. Pno1 da Nob1 suna kan dandamali, inda masu ƙaddamar da karatu ke bukatar kamawa. Kusan kowace hanyar shiga aiki an toshe ta, wasu ma da toshi fiye da ɗaya. Hotunan da suka biyo baya sun ƙara nuna cewa Tsr1 yana cusa wani sashe nasa a bayan igiyar h44, yana ɗage ta daga mazauninta, don kada wurin karatu ya kammala.

Zare toshe-toshen nan yana bin tsari. Wani enzayim mai suna Hrr25 yana liƙa wani guntun sinadari mai suna fosfet a jikin Ltv1, Ltv1 ɗin ya sake, sai Rps3 ya zauna daram, ɓangaren kai da ake kira baki ya sami siffarsa ta ƙarshe. Daga nan sai abin da ya ba masana mamaki a 2012, lokacin da ɗakin binciken Karbstein da na David Tollervey a Edinburgh suka ruwaito shi kowanne ta hanyarsa: ana haɗa ɗanyen 40S da gamammen 60S da gangan. Mai haɗa su shi ne eIF5B, furotin ɗin da ke wannan aiki a farkon karatu na gaskiya. Abin da aka samu ya yi kama da cikakken ribosom, amma babu mRNA a cikinsa, babu tRNA na farko, ba ya ƙera komai. Gwajin aiki ne. Ana duba ko ɓarin zai iya kama abokinsa, ko zai iya yin motsin da karatu ke bukata, kuma ana ɗaure fitar wasu mataimaka da cin wannan gwaji. Fap7, alal misali, yana sakin Dim1 ne a wannan mataki. Da masu bincike suka yi dabarar tsallake irin waɗannan shingaye a yis, sun sami ribosom masu shiga aiki da rauni wajen tsayawa kan layin haruffa uku-uku ko wajen gane inda ake farawa.

Yankan ƙarshe yana hannun Nob1, kuma yadda aka tsara shi yana da kyau ƙwarai. Nob1 yana hawa ɗanyen ɓarin tun da wuri, yana tafiya da shi, amma an ajiye bakinsa nesa da wurin da zai yanka. Pno1 ne ke riƙe ƙarshen 18S, yana kare shi. Sai an kai ƙarshen tafiya, enzayim Rio1 ya shigo, wurin ya sauya siffa, sannan jelar ta isa bakin Nob1 ya datse ta. Rio1 ya fitar da Nob1 da Pno1, Rps26 ya zauna a gurbin da Pno1 ya bari, kusa da inda mRNA ke fita. Muddin Nob1 na nan, hanyar mRNA ba ta buɗe sosai, don haka mai yanka shi ne kuma mai gadin ƙofa na ƙarshe. A mutum ƙashin bayan tsarin ɗaya ne, sai dai matakan sun fi yawa: jelar ta fi tsawo, ana fara gaigaye ta kaɗan-kaɗan daga 21S zuwa wani zare da ake kira 18S-E, da taimakon eksozom da enzayim PARN, kafin NOB1 ya yi yankan ƙarshe a wajen cibiya.

Duk da wannan tsaro, akwai masu kuɓuta. A 2006 ɗakin binciken Melissa Moore ya sauya harafi ɗaya a tsakiyar wurin karatu na 18S a yis. Ɓarin ya ginu, an yanke masa jela, ya fito kamar kowa, daga baya ne aka ga ana lalata shi da sauri. Binciken da ya biyo baya a 2009 ya nuna cewa sai ya hau mRNA ya kasa tafiya sannan ake gane shi, ta hannun wasu daga cikin furotin da ke ceto ribosom da suka maƙale. Ke nan gwajin da ake yi kafin aiki yana duba siffa da motsi, ainihin karatu kuwa sai a bakin aiki ake tabbatar da shi.

Me ke faruwa idan ginin ya samu tangarɗa a jikin mutum? Hankali zai ce tunda kowace ƙwaya na bukatar ribosom, ko dai ɗan tayi ya mutu, ko dukkan gaɓoɓi su taɓu daidai. Abin da likitoci ke gani ya saɓa da haka. Cutar ƙarancin jini ta Diamond da Blackfan, wadda likitocin yara biyu na Boston suka bayyana a 1938, tana bayyana yawanci a shekarar farko ta rayuwa: ɓargo ya kasa fitar da jajayen ƙwayoyin jini, alhali farare da masu daskarar da jini galibi suna nan. Tana samun jarirai kimanin 5 zuwa 7 cikin miliyan. A 1999 masu bincike a Uppsala suka gano cewa lahani a kwafi ɗaya na umarnin gadon RPS19, furotin na ƙaramin ɓari, yana haddasa ta, kuma shi ne sanadi a kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu cutar. A ƙwayoyinsu zaren 21S yana taruwa, alamar ginin ya tsaya a hanya. Daga baya an sami lahani a wasu furotin na ɓarin biyu, har da ɗan rakiyar nan TSR2.

Misalan ba su tsaya nan ba. A 2008 Benjamin Ebert da abokan aikinsa sun nuna cewa rasa kwafi ɗaya na RPS14 shi ke jawo ƙarancin jini a wata cutar ɓargo ta manya da ake kira 5q-. A 2013 an gano lahani a RPSA a fiye da rabin marasa lafiyar da aka bincika waɗanda aka haifa ba su da saifa, ba tare da wata naƙasa ba. Sauyin amino asid ɗaya a EMG1 yana jawo cutar Bowen-Conradi, wadda ta fi yawa a cikin al'ummar Hutterite ta Arewacin Amurka, kusan haihuwa 1 cikin 355, kuma yawancin jariran ba sa wuce ƙuruciya.

Bayani biyu ne suka fi samun hujja, kuma ba sa karo da juna. Na farko ya shafi p53, furotin da ke tsayar da rabuwar ƙwaya ko ya sa ta kashe kanta. Idan ginin ribosom ya cije, wasu kayan babban ɓari, RPL5 da RPL11 tare da ƙaramin RNA na 5S, suna kama MDM2, wanda aikinsa lalata p53 ne. Sai p53 ya taru. Ƙwayoyin da ke kan hanyar zama jajayen ƙwayoyin jini, masu rabuwa da sauri da bukatar furotin mai yawa, suna cikin waɗanda wannan ƙararrawa ta fi kayarwa.

Na biyu ya shafi adadi. A 2018 ɗakin binciken Vijay Sankaran a Boston ya auna ribosom a ƙwayoyin jinin da aka rage wa irin waɗannan furotin, ya tarar cewa kayan da ke cikin ribosom ɗin ba su sauya ba, yawansu ne ya ragu. Ɓarin da ya rasa furotin ɗaya ba ya tsallake shingayen, ana rushe shi, sai ƙwaya ta wayi gari da ƙananan ɓari lafiyayyu amma ƴan kaɗan. A irin wannan ƙaranci saƙonni ba sa shan wahala daidai. Saƙon GATA1, furotin da ke jagorantar ƙwaya ta zama jar ƙwayar jini, yana cikin waɗanda karatunsu ya fi raguwa, kuma an sami ƴan marasa lafiya masu alamun cutar waɗanda lahaninsu a GATA1 ɗin kansa yake, ribosom ɗinsu lafiya lau. Maganin da ake da shi har yanzu bai taɓa ginin ribosom kai tsaye ba: magungunan sitiroyid ga waɗanda jikinsu ya karɓa, ƙarin jini akai-akai tare da maganin rage ƙarfen da ke taruwa a jiki, ko dashen ɓargo. Hanyar da ake gwadawa a ɗakunan bincike ita ce a ɗebo ƙwayoyin asali na ɓargon mara lafiya, a sa musu lafiyayyen kwafin RPS19, ko a ɗaga musu GATA1 a daidai matakin da suke bukatarsa, sannan a mayar masa da su.